Gidan mahaukatan Landan da ya koma gidajen attajirai: gara da, ko gara yanzu?

Sadiq_Barnet:
Salamu alaikum jama'ar zaure. Akwai wani tafkeken gini a arewacin Landan, kan titin Friern Barnet kusa da tashar jirgin ƙasa ta New Southgate, ana ce masa Princess Park Manor. Gidajen masu hannu da shuni ne, da masu gadi, da wurin ninƙaya, har mawaƙa da 'yan ƙwallo sun zauna a ciki. To wannan ginin asibitin mahaukata ne tun 1851. Colney Hatch ake kiransa, daga baya aka ce Friern, sai 1993 aka rufe shi. Ni magana ɗaya nake yi: gwamnati fili mai tsada ta hango, ta kwashe marasa lafiya ta watsa su cikin gari, ta sayar da wurin. Duk mai tuƙin dare a Landan yana ganin masu taɓin hankali kwance a ƙofar shaguna cikin sanyin nan. Da an bar su a can, aƙalla suna da gado da abinci sau uku. Ko akwai wanda ya san wurin tun yana aiki? Na gani nake son ji, ba an ce ba.

Dan_Kwalisa:
Wa alaikumus salam. Wato mutum ya zuba miliyoyi don ya kwana a nan? Ni ko kyauta aka ba ni sai an yi mini sauka tukuna. Mutanen ɓoye ba sa biyan haya, kuma ba sa karɓar takardar tashi.

Malam_Kabiru_Tarihi:
Sadiq, kafin gardama ta yi nisa bari a san girman abin da ake magana a kai. Yarima Albert, mijin Sarauniya Biktoriya, shi ya aza harsashin ginin a 1849, aka buɗe shi a watan Yulin 1851. Shi ne na biyu da gundumar Middlesex ta gina, saboda na farkon da ke Hanwell, wanda aka buɗe a 1831, ya cika maƙil. An tsara shi don mutum 1,250. Faɗin gabansa kaɗai ya haura rabin kilomita, barandun cikinsa kuwa in aka haɗa su sun kai mil 6. Gari ne sukutum: ga gona, ga rijiya, ga wurin yin gas na fitilu, ga coci, ga maƙabarta. Talakawa aka gina wa, waɗanda danginsu ba su da halin biya. Niyyar farko ba mummuna ba ce. Tun 1839 likita John Conolly ya hana ɗaure marasa lafiya a Hanwell, masana na lokacin suna ganin iska mai kyau da aikin gona da zaman tsari za su warkar da mutum. Sai dai masu shiga sun fi masu fita. Aka yi ta cusa gadaje har mutanen ciki suka kai 2,500.

Ummu_Hanifa:
2,500 a gida ɗaya? Inna lillahi. Wane likita ne zai iya sanin sunayensu ma, balle ciwonsu?

Malam_Kabiru_Tarihi:
Hajiya, cunkoson nan ne ya jawo musiba. Da wuri ya yi kaɗan sai aka kafa wasu ɗakuna na wucin gadi, na katako da kwano, a ɓangaren mata. Ranar 27 ga Janairun 1903 da asuba gobara ta kama su, mata 52 suka mutu. Har yau tana cikin gobarar asibiti mafi muni a tarihin Birtaniya. Ita kuwa maƙabartar cikin gida, tsakanin 1851 da 1873 an binne mutum sama da 2,600, babu wanda aka rubuta wa suna a kabari. Dutse ɗaya ne ya tattara su duka. Don haka "gado da abinci sau uku" da Sadiq ke faɗa gaskiya ne, amma ba shi ke nan ba.

Inna_Larai_Nas:
Salamu alaikum yarana. Jikata ce ta nuna mini wannan hira, ta ce Kaka ga wurin aikinki ana magana. Ita ke buga mini, ni ina faɗa, don idanun sun yi rauni.

Na zo ƙasar nan cikin shekarun 1970 na biyo maigidana, Allah ya jiƙansa, ya zo karatu. Na koyi aikin nas na masu taɓin hankali a wani babban asibiti a arewacin Ingila, ba zan faɗi sunansa ba. Da muka dawo Landan na kama aiki a Friern, ina can har dab da rufewa.

Abin da kowa ke fara tunawa shi ne barandar nan. In kin tsaya a wannan kai, wanda ke ɗaya kan sai kin ƙura ido kike gane mutum ne. Ranar da aka aike ki ɗakin magani daga ɗakin da ke can ƙarshe, kin yi motsa jikin ranar. Kuma barandar ita ce kasuwar gidan. A nan marasa lafiya ke kai da komo daga safe har yamma, a nan ake roƙon taba, a nan ake ƙulla abota, har soyayya. Taba ita ce kuɗin wurin. Kara ɗaya zai sa a ɗauko miki kaya, kara biyu a share miki ɗaki. Akwai wani dattijo ɗan Ailan da kullum yake tsintar guntayen taba, ya warware su a kan gwiwarsa, ya naɗe sabuwa da takardar jarida. Bai taɓa wuce ni bai cire hula ba. Sista yake ce mini tun ban kai sista ba.

Sadiq ɗana, ka ce da an bar su a can. Bari in ba ka labarin wata tsohuwa. An kawo ta tun kafin yaƙin Hitila, tana budurwa. Ni dai a zamana da ita ban ga wani ciwo ba ban da shiru da tsoron mutane. Ita ke ninke tawul a ɗakinmu, ninkin da ko ɗan wanki da guga bai kai ta ba. Da aka fara shirin sallama, aka ce mu riƙa fita da su kanti su koyi sayayya. Na kai ta ta sayi biskit. Mai kanti ya faɗi kuɗi, sai ta juyo ta ce mini, sule nawa ke nan? Ingila ta bar sule tun 1971, ita ba ta sani ba, don ba ta taɓa riƙe kuɗin da ya wuce na shagon cikin gida ba, shi ma miƙa hannu take a ɗiba. Ta tsaya da tsabar kuɗi a tafin hannu tana jujjuya su, hannun yana rawa, mutane sun yi layi a bayanmu. Ta yi shekara kusan hamsin tana cin abinci sau uku, ɗana.

Sadiq_Barnet:
Inna, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana. Jikina ya yi sanyi. Amma ita tsohuwar, da aka fitar da ita ta ji daɗi? Ba gidanta ke nan aka raba ta da shi ba?

Inna_Larai_Nas:
Amin ɗana. Ta yi kuka ranar tafiya, ba zan ɓoye maka ba. Da yawansu sun yi. Wani ma ya riƙa hawa bas yana dawowa ya zauna a bakin ƙofa. Ita an kai ta wani gida ne da mata 'yan uwanta daga ɗaki ɗaya, da ma'aikata dare da rana. Na je duba ta bayan wasu watanni. Abin da ta fara nuna mini ƙofar ɗakinta, wai ita ke rufewa ita ke buɗewa. Sannan ta haɗa mini shayi da kanta, ta tambaye ni sukari nawa. Wannan tambayar ba ƙaramin abu ba ce a wurina. A wancan asibitin na arewa da na fara, shayi a babbar buta ake haɗa shi da madara da sukari gaba ɗaya, mai so da marar so kowa ya sha. Tufafi ma na ɗaki ne ba na mutum ba. Da safe a zube su, wadda ta samu babbar riga ta saka, wadda ta samu ƙarama ta saka. Ranar wanka a jera mata tsirara suna jiran layi. Mu ɗalibai ba mu da bakin magana, ga tarin makullai a ƙugu, kowace ƙofa ki buɗe ki kulle a bayanki. Ba mugunta ce ta sa yawancin ma'aikata haka ba. Mutum biyu ko uku ne a kan mata masu yawan gaske, dole komai ya koma layi.

Dan_Kwalisa:
Kaka ki yafe mini wasan da na yi a sama. Amma tsakani da Allah, da dare ba kya jin komai a barandar nan?

Inna_Larai_Nas:
Ina jin takalmin sista mai zagayen dare. Ita ce aljanar da muke tsoro, don in ta kama ki kina gyangyaɗi kin shiga uku.

Ummu_Hanifa:
Mama, akwai Musulmi a ciki? Yaya abinci da salla?

Inna_Larai_Nas:
Akwai 'yata, ba yawa. Turkawan Kuburus da 'yan Bangaladash kaɗan cikin marasa lafiya. Ma'aikata kuwa duniya ce ta taru: 'yan Ailan, 'yan Jamaika, 'yan Morishiyos, 'yan Malesiya, 'yan Gana, mu 'yan Najeriya. Turawan Ingila ba su cika son aikin ba. 'Yan Morishiyos da yawa Musulmi ne, da azumi muna haɗa kwano a aikin dare, su kawo shinkafarsu mai yaji ni in kawo ƙosai. Salla a ɗakin ajiye zannuwan gado nake yi. Akwai daɗi a wurin, kada ku ɗauka duk baƙin ciki ne. Ana rawa, ana wasan ƙwallo a fili, da bazara a kai su bakin teku cikin bas. Sai mun bi kowa da hula mai faɗi da man shafawa, don masu shan maganin taɓin hankalin nan Largactil rana na ƙona musu fata nan da nan.

Malam_Kabiru_Tarihi:
A kan tambayar Ummu_Hanifa: tun ƙarshen ƙarni na 19 Colney Hatch ne ake tura Yahudawa marasa lafiya daga gabashin Landan, har aka yi musu kicin na abincin da addininsu ya yarda da shi, da mai fassara harshen Yidish. Cikinsu akwai Aaron Kosminski, wanda aka kawo a 1891, ɗaya daga waɗanda 'yan sanda suka zarga da kashe-kashen matan Whitechapel na 1888. Zargi ne, ba a taɓa gurfanar da shi a kai ba. Wadda ta fi ba ni tausayi ita ce Dorothy Lawrence, 'yar jaridar da ta yi shigar soja namiji ta je fagen daga a Faransa a 1915. An tsare ta a matsayin mai taɓin hankali a 1925, ta rasu a Friern a 1964.

Likita_Aminu_Kano:
Gaisuwa ta musamman ga Inna, ku ne iyayenmu a wannan aiki. Sadiq, zancen cewa kuɗin fili ne ya sa aka rufe bai zauna daidai ba, don shawarar ta girmi tsadar filin. A 1952 aka fara gwada kulofuromazin a Faris, shi ne Largactil ɗin da Inna ta ambata. Karo na farko ke nan da aka samu maganin da ke kwantar da jin muryoyi da ruɗu ba tare da an sumar da mutum ba. A 1954 masu kwance a irin waɗannan asibitoci a Ingila da Wales sun kai wajen 150,000, daga nan adadin ya fara sauka. Dokar 1959 ta sa yawancin marasa lafiya suna shiga da fita kamar kowane asibiti. A 1961 ministan lafiya Enoch Powell ya fito fili ya ce a rage gadajen da rabi cikin shekara 15, a rushe manyan gidajen. Ka ga tun shekara 32 kafin a rufe Friern aka yanke masa hukunci.

Sannan akwai abin kunya da ya riƙa fitowa. Wata mata, Barbara Robb, ta je duba wata tsohuwa a Friern a 1965, abin da ta gani ya sa ta kafa ƙungiyar kare tsofaffin da ke asibitoci, ta wallafa ƙorafe-ƙorafe a 1967. Kwamitocin gwamnati suka yi watsi da yawancinsu. Sai ga binciken asibitin Ely na Cardiff a 1969 ya tabbatar da cin zarafi, daga nan bakin masu musu ya mutu.

Kuma Friern na cikin wuraren da aka bi sawun waɗanda aka sallama. Farfesa Julian Leff da tawagarsa sun bi mutum wajen 670 da suka daɗe a Friern da wani asibitin irinsa, Claybury, tun daga 1985, har shekara biyar bayan fitar kowa. Ciwon bai warke ba, kuma wasu sun koma asibiti na ɗan lokaci. Amma mafi yawansu sun ce sun fi son sabon wurin, sun ƙaru da abokai, sun koyi girki da sayayya. Waɗanda suka ƙare a titi ko kurkuku 'yan ƙalilan ne.

Sadiq_Barnet:
Likita, to su waye nake gani a ƙofar shaguna? Idona ne fa.

Anti_Bilki_Birmingham:
Ni zan ba ka amsa Sadiq, don aikina ke nan yanzu. Ba mutanen Inna kake gani ba, yawancin waɗannan sun tsufa sun rasu a gidajen da aka kai su. Waɗanda kake gani yaran da suka kamu bayan an rufe ne. Na da an fitar da su da kuɗinsu da gidansu da ma'aikatansu. Na yanzu sai dai su yi ta zagaye: a kwantar da mutum sati biyu ko uku, ya ɗan lafa, a sallame shi don ana jiran gadon, ya koma ɗaki shi kaɗai, ya bar magani, ga wiwi ga giya, bayan wata uku 'yan sanda su dawo da shi. Akwai daren da za mu yi ta buga waya muna neman gado, a ƙarshe a samu a wani gari mai nisan awa uku ko huɗu, uwa ba ta da halin zuwa dubiya. Don haka Likita, binciken nan gaskiya ne amma na mutanen da aka yi wa gata ne. Ni ban ce a dawo da gidan mutum 2,500 ba. Amma akwai marasa lafiyar da ke bukatar wuri na shekara ɗaya ko biyu, natsattse, da fili da itatuwa, kuma irin wannan wurin ya yi ƙaranci ƙwarai.

Likita_Aminu_Kano:
Anti Bilki ban musa ba. Su kansu Turawan sun yi wannan gardamar tun lokacin, musamman bayan wani mai sikizofireniya, wato ciwon jin muryoyi da ruɗu, da aka yi sakaci da bibiyarsa ya kashe wani matashi a tashar Finsbury Park a Disambar 1992. Abin da na ƙi shi ne a ce mafita ita ce kulle mutum shekara hamsin.

Maman_Khalifa:
Ku kuna ta Landan, ni zuciyata tana gida. Ƙanwar mahaifiyata ta samu matsala bayan haihuwar fari. Ba ta barci, tana cewa za a sace jaririn. Aka ce iska ce. Aka kai ta wani gida a wani ƙauye, mai magani ya sa mata mari a ƙafa, ana turare ana duka wai ba ita ake duka ba. Da muka je dubiya ina yarinya, abin da na riƙe shi ne ƙurjin da ƙarfen ya yi mata a idon sawu, da ƙudaje. Mijin ya sake ta tana can. Wani kawunmu malamin makaranta ne ya yi rigima ya ɗauko ta ya kai ta asibiti. Cikin 'yan makonni ta dawo hayyacinta. Yau tana da jikoki, tana sayar da atamfa. In na ji ana zagin gidan da ke da gado da nas da shayi, ko da an haɗa shi da sukari, sai in ce ku dai ba ku ga wani abu ba.

Abu_Sumayya:
Maman_Khalifa Allah ya ƙara mata lafiya. Amma kada a haɗa ruƙiyya ta shari'a da masu mari da bulala. Karatu da addu'a ba sa hana shan magani, kuma Musulunci bai ce a daki marar lafiya ba. An ɗauke masa alƙalami ma.

Malam_Kabiru_Tarihi:
Maman_Khalifa ta taɓo inda ke ciwo. A Satumbar 2019 'yan sanda sun fito da mutum wajen 300 daga wani gida a Rigasa ta Kaduna, wasu da sarƙa a ƙafa, daga nan aka bi wasu gidajen a Katsina da Kano da sauransu. Tarihin namu ma ba abin alfahari ba ne. Turawan da suka gina wa kansu fadar da Sadiq ya gani, a nan sai suka buɗe na Kalaba a 1904 da na Yaba a 1907, wuraren tsarewa kawai. A Arewa kuwa yawanci gidan yarin En'e ake kai wanda ya gagari dangi. Dokar mahaukata ta 1958, wadda asalinta ta 1916 ce, ita muka yi ta amfani da ita har farkon 2023 da Shugaba Buhari ya sa hannu a sabuwa.

Likita_Aminu_Kano:
Amma a ƙara da wannan, Malam: tun kafin Powell ya yi jawabinsa, ɗan Najeriya ya riga ya gwada abin. Dakta Thomas Adeoye Lambo, da ya dawo daga Ingila, ya fara tsarin ƙauye a Aro ta Abeokuta a 1954. Marar lafiya ya zo da ɗan uwansa, uwa ko 'yar uwa, a sauke su a gidajen mutanen ƙauyukan da ke kewaye, da rana ya je asibiti a duba shi, da yamma ya koma cikin jama'a. Har da masu maganin gargajiya ya jawo cikin aikin. Daga baya ya zama mataimakin shugaban Hukumar Lafiya ta Duniya. Mu da muke da dangi masu zaman jinya, wannan ya fi dacewa da mu a kan gina katafaren gida a bayan gari.

Maman_Khalifa:
Likita dangin da ne. Na yanzu kowa na neman abin da zai ci. Wace 'yar uwa ce za ta bar 'ya'yanta ta tare a ƙauye wata shida?

Zongo_Boy_Nima:
Mu a Ankara ta Gana namu asibitin yana nan tsakiyar gari tun 1906, har unguwar da ke ƙasansa ta ci sunansa, Asylum Down. Na mutum 200 aka gina, daga baya ya cika ya batse. An ƙara asibitocin Ankaful da Pantang. An sha yin maganar a tashe shi a ba masu kuɗi filin, don wurin zinariya ne yanzu. Shi ya sa ni ina bayan Sadiq. In ka ji gwamnati ta ce don amfanin marasa lafiya za ta tashi asibiti daga tsakiyar birni, ka duba wa ke auna filin.

Issoufou_Damagaram:
Gaisuwa ga kowa. Mu nan in an ce an kai mutum Pavillon E, sashen masu taɓin hankali a babbar likitar Yamai, to kowa ya gane. Amma daga ƙauyukanmu zuwa can tafiya ce ta yini guda, ga kuɗin mota ga na magani. Shi ya sa mutane ke fara zuwa wajen malam ko masu bori. Ba don sun ƙi lokotoro ba ne, shi malam yana nan kusa kuma yana karɓar hatsi.

Hauwa_Admin:
Jama'a a yi haƙuri, an bar Colney Hatch an tafi Yamai. Na goge saƙo biyu da aka saka hoton wani marar lafiya a titi. Kada a ƙara, ɗan wani ne.

Sadiq_Barnet:
Na gode Hajiya Hauwa. Na karanta duka. Likita ya ce shawarar ta girmi tsadar fili, to, amma filin dai an sayar, wani ɓangaren ma manyan kantuna ne yanzu a bakin babban titi. Tambayata ita ce kuɗin ina suka shiga? Da an zuba su duka a irin wuraren da Anti Bilki ke nema, da ba ta kwana tana buga waya ba. Kuma me ya hana a bar ko kusurwa ɗaya ta wannan fili mai itatuwa ga masu ciwon? Iskar da aka ce tana warkarwa a 1851, yanzu sai mai miliyoyi ke shaƙarta.

Inna_Larai_Nas:
Wannan tambayar mu ma mun yi ta a lokacin, ɗana, a tarurrukan ma'aikata, wasu har da zanga-zanga. Wasunmu tsoron rasa aiki ne, kada in yi ƙarya, wasu kuma tsakani da Allah suke jin tsoron abin da zai samu mutanen. Ni dai in ka ce in zaɓa wa jikata, Allah ya kiyaye, ba zan zaɓa mata barandar nan ba. Amma kuma ba zan zaɓa mata sati biyu da jakar magani a ce ta tafi ba. Dattijon nan mai naɗa taba, shi bai kai ga fita ba, ya rasu ana saura kaɗan a rufe ɗakinsu. Ma'aikata ne suka raka gawarsa, don ba a samu kowa nasa ba. Jikata ta ce hannunta ya gaji, sai da safenku.

Anti_Bilki_Birmingham:
Allah ya tashe mu lafiya Inna. Don Allah a sa jikar ta ɗauki muryarki kina ba da labaran nan, kada su tafi a banza.

Zongo_Boy_Nima:
Likita bai amsa maganar kuɗin filin ba fa.

Likita_Aminu_Kano:
Ni likita ne ɗan uwa, ba akanta ba. Gobe ina da asibiti tun ƙarfe takwas, kuma rabin waɗanda zan gani sun tsallake allurar watan jiya saboda kuɗin mota. Malam Kabiru ne mai tone-tone, a tambaye shi.